Ko Kun Sani? Taurin Takalmi Na Rage Wa Mai Gudu Wahala

Takalmin da ya ƙi lanƙwasuwa yana iya sa mai gudun dogon zango ya kashe ƙarfi kaɗan. Gwajin da aka yi a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2017 ya nuna takalmin Nike Vaporfly yana rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100. A tseren kilomita 42, wannan mintoci ne, ba wasa ba.

A cikin tafin takalmin akwai siririn faranti mai tauri na zaren kabon, lulluɓe da soso marar nauyi. Duk takun da mutum ya yi, gaɓar yatsun ƙafarsa na lanƙwashewa, ƙarfi ya salwanta a nan. Farantin yana rage lanƙwasar, soson kuma ya maido da yawancin ƙarfin da aka danna masa. Sai dai in taurin ya zarce ƙima, nauyin aikin kan koma kan idon sawu.

Irin wannan takalmi Eliud Kipchoge na Kenya ya sa a Biyana a 2019, ya gama gudun kilomita 42 cikin 1:59:40. A 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka: faranti ɗaya tak, kaurin tafi kada ya wuce milimita 40.