Tsohuwar wayar sanholo: a mahaɗa wuta take tashi

Kirkissoye tana hayin kogin Kwara, cikin da'ira ta 5 ta birnin Yamai. Unguwa ce ta manoman shinkafa da makiyaya masu shanun tatsa. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970 hayin yake ta cika, lantarki kuma yana bin mutane. Gidaje da yawa wutarsu ta daɗe, ba wanda ya sake leƙa wayar tun ranar da aka ja ta.

Waya iri biyu ce. Akwai ta jan ƙarfe, akwai ta sanholo, wato farin ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. Sanholo ba abin ƙi ba ne. Manyan wayoyin da ke bisa turakun kamfanin NIGELEC da shi ake yin su, don ba shi da nauyi, ga araha. Amma wannan waya ce mai kauri, ma'aikata kuma suna ɗaure ta da maɗauri na musamman. Siririyar da ke cikin ɗaki ita ce abin tsoro.

Ga dalili. In wayoyi biyu kaurinsu ɗaya, abin da ta jan ƙarfe ta ɗauka 100, ta sanholo 61 kawai take ɗauka. Saboda haka tana saurin zafi. In ta yi zafi sai ta kumbura, in ta huce sai ta tsuke. Yau da gobe, ƙusar da ta danne ta sai ta saki. Ban da haka iska tana yi mata wata fatar tsatsa wadda wuta ba ta ratsawa da sauƙi. Mahaɗa ta yi sako-sako, ga tsatsa, sai tartsatsi. Tsakiyar waya ba ta cika yin ɓarna ba. A bakinta ne, inda aka haɗa ta da makunni ko priz, wato wurin jona kaya, ko inda aka murɗe ta da wata waya.

Mutanen Amurka sun ɗanɗana wannan. Daga 1965 zuwa 1973 jan ƙarfe ya yi tsada, sai aka ja wa gidaje kimanin miliyan 2 wayar sanholo. A 1974 gobara ta kashe mutum 2 a garin Hampton Bays ta jihar New York, aka gano daga mahaɗar waya ta tashi. Binciken da hukumarsu ta kare masu saye ta sa aka yi ya nuna gidan da aka ja wa sanholo kafin 1972 ya fi gidan jan ƙarfe shiga haɗarin mahaɗa mai zafin gobara har sau 55.

A Kirkissoye akwai ƙarin masifa, ita ce laima. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun ci unguwannin hayin kogi. Inda aka murɗe sanholo da jan ƙarfe, in laima ta shiga, sanholon ne yake ruɓewa ya zama farin gari. Ga kuma burgu da harawa da ƙaiƙayin shinkafa jibge bisa rumfa, waya ta bi ta ƙarƙashi.

Mai gida yana iya gane alamu ba tare da ya kwance komi ba. Ƙwan lantarki yana ƙifta-ƙifta alhali na maƙwabta lafiya lau. Murfin priz yana da ɗumi in an ɗora bayan hannu. Ana jin ƙaurin roba. Makunni ya yi baƙi ko yana ƙara kamar zuma. Priz ɗin firigo na ajiye nono da na dutsen guga su za a fara dubawa, don su ne masu jan wuta.

Buɗe murfi aikin mai gyaran lantarki ne, bayan an kashe wuta daga kontar. Shi zai kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ne. In bayanta ja cikinta fari, to sanholo ne aka yi wa riga. Irin wannan tana shiga kasuwa da sunan jan ƙarfe, kuma nauyinta yana tona ta: ƙunshinta ba ya kai nauyin na gaske. Wanda zai saya ya ɗaga ya ji, ya ce a yanka masa guntu ya gani.

In an samu sanholo, mafi kyau a canza ta duka. In kuɗi bai kai ba, a fara da layin da ke ɗauke da kaya masu nauyi, a sa jan ƙarfe mai kaurin 2,5, na fitilu kuma 1,5. Inda dole ƙarafan biyu su haɗu, a sa maɗauri da aka yi don haka. Murɗewa da hannu a naɗe da baƙin salatif ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne.

In wuta ta riga ta tashi, kada a zuba ruwa. A kashe kontar, a watsa rairayi, a kira masu kashe gobara a lamba 18.