Man Giya da Zafin Bazara: Yadda Ake Gano Inda Yake Zurarewa

Daga watan Maris zuwa na Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Nguru da Maiduguri, garejin kanikawa kan cika da tsofaffin motoci masu ciwo iri ɗaya. Mai mota ya zuba man giya makon jiya, ga shi yau ya auna ya tarar ya ragu. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sayi wata gorar su ƙara, su ci gaba da tafiya. To, amma wannan zuba ruwa ne a kwando. Inji in ya tsufa yakan ƙone baƙin mai, amma akwatin giya, wanda kanikawa ke kira giyabos, ba ya shan mai. Muddin ya ragu, to akwai ƙofar da ya bi ya fita, kuma neman wannan ƙofa shi ne aikin farko.

Zafi kansa ba ya huda ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robobin da ke toshe bakunan giya, watau sil, sukan bushe su ƙandare bayan shekaru. A lokacin hunturu mai yana da kauri, tsohuwar roba tana iya riƙe shi. Da bazara ta kama, sai man ya tsinke, ya kuma kumbura, ya sami hanya. A giya mai sarrafa kanta, watau otomatik, man yakan yi aiki lafiya a wajen awo 80 zuwa 90. In mota ta sha lodi, ko ta daɗe cikin gosulo irin na Ikko, ko tana hawan tudu da tsakar rana, zafin na iya wuce 120, kuma in ya daɗe a haka man ya fara lalacewa ke nan, robobin kuma su ƙara taurara. Galibin motocin Beljiyom da ke kan titunan Nijeriya kuwa sun riga sun kwana biyu tun kafin su sauka daga jirgin ruwa.

Kafin a ce mai ya ragu, wajibi ne a tabbata an auna daidai. Ana tsai da mota a wuri mai baje bayan ta yi tafiya ta ɗauki ɗumi, a taka birki a zagaya da sandar giya kowane mataki, sannan a mai da ita kan harafin P. A yawancin motoci, kamar Toyota, ana zaro gejin ne inji na aiki. Tsofaffin motocin Honda da yawa kuwa sai an kashe inji, a auna cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Gejin na da alamar sanyi da ta zafi, kuma tsakanin layin ƙasa da na sama abin da ke akwai bai wuce kamar rabin lita ba. Motoci masu giyar hannu, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba su da geji. Noti ake kwancewa a gefen akwatin, kuma man ya kamata ya kai bakin ramin.

In an tabbata ya ragu, sai a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Da safe launin ɗigon zai ba da labari. Man otomatik ja ne in sabo ne, yakan koma ruwan ƙasa in ya tsufa, alhali na inji baƙi ne. Sai dai a lura, motoci da yawa da irin wannan jan mai suke aiki a sitiyari, ruwan lagireto ma akwai mai launin ja, saboda haka a duba ma'ajiyarsu su ma, a kuma murza ɗigon a yatsa a ji santsinsa.

Wurin da ɗigon ya sauka shi ne shaida ta biyu. In daga mahaɗar inji da giya yake fitowa kuma ja ne, to sil ɗin gaba ne ya mutu, gyaransa kuwa sai an sauke giyar dungum. In daga gefen kaskon da ke ƙarƙashin akwatin ne, to gaskit ne, kuma sau da yawa ɗaure notuna fiye da kima ne ke lanƙwasa bakin kaskon. A motar da ke ja da ƙafafun gaba, a duba inda sandunan da ke juya tayoyi suka shiga giya. A mai ja da baya kuwa, a duba inda farfela ta fito. Tun da iska kan kwashe mai ta watsa shi baya yayin tafiya, gwanin bakanike yakan wanke ƙarƙashin motar tas, ya bari ta bushe, ya barbaɗa hoda, ya yi ɗan zagaye da ita, sannan ya nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Nan ne tushen.

Akwai kuma motar da kwali zai kwana a ƙarƙashinta ya tashi fes, amma mai na raguwa. Nan ne ake gane ƙwararre. Bututu biyu ne ke kai man otomatik lagireto don ya huce, su komo da shi. In tiyon da ke haɗa su ya tsage, ba ya zuba sai inji na aiki, domin a lokacin ne famfo ke tura mai da ƙarfi. Don haka sai an ta da mota a leƙa. Wannan yana da haɗari ƙwarai, gama man da ya fesu a kan salansa mai zafi na iya kamawa da wuta.

Har ila yau, bututun da man ke bi a cikin lagireton kansa yana iya hujewa, musamman inda aka saba zuba ruwan rijiya zalla, wanda ke cin ƙarfe. In inji ya huce sarai aka buɗe murfin aka ga ruwan ya yi kama da madarar da aka zuba wa ja, ko kuma aka ga haka a gejin giya, to mai da ruwa sun gauraya. Kada a ƙara tuƙa wannan mota, domin ruwa yana ɓamɓare fatar faifan nan da kanikawa ke kira faiba. Ba a taɓa buɗe lagireto da zafinsa.

Wata ɓoyayyar hanya kuma tana cikin tsofaffin motoci irin su Marsandin da ake kira V-boot. Akwai wata 'yar na'ura a jikin giyarsu wadda siririn tiyo ya haɗa ta da inda inji ke zuƙar iska. In robar cikinta ta fashe, sai inji ya riƙa tsotse man giya yana ƙonewa, farin hayaƙi na fita ta salansa. Ana cire tiyon a duba. In akwai jan mai a cikinsa, an kama ɓarawo.

Wani lokaci kuma laifin mai motar ne da kansa. Kowace giya tana da 'yar ƙofar shan iska a samanta. Wanda ya auna mai da sanyi ya cika shi har layin zafi, da an hau doguwar hanya man zai kumbura, ya yi kumfa, ya yi ambaliya ta nan. Ganin haka sai ya zaci yoyo ne ya sake ƙarawa, ciwon ya daɗa tsananta.

A kan hanya, giyar da mai ya yi wa ƙaranci takan yi jinkirin shiga, ko inji ya yi ta gurnani mota ba ta ja, ko a ji ƙaurin ƙuna. Abin da ya dace shi ne a sami inuwa a tsaya, a bari ta huce, a ƙara mai kaɗan kaɗan ana aunawa, gwargwadon abin da zai kai ta gareji. Kuma sai irin wanda kamfanin motar ya tsara, ko Dexron ne, ko T-IV na Toyota, ko DW-1 na Honda, domin ja ba duka ɗaya ba ne. Magungunan toshe yoyo da ake sayarwa suna kumbura roba na ɗan lokaci ne kawai, ba sa ɗinke tsagaggen tiyo.

Sil, gaskit da tiyo ƙananan kaya ne in aka gwada su da kuɗin giya sukutum, wadda kan ajiye motar haya makonni, ta bar direba da iyalinsa ba abin shiga. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tsohuwar mota da ke da niyyar doguwar tafiya cikin bazara ya kamata ya shimfiɗa kwalinsa tun ana saura mako guda, ya auna gejinsa kowace safiya bayan mota ta ɗumama, in ya ga ragi ya nufi gareji tun giyar tana amsa kira.