Megafiksel Ba Ya Gani A Duhu: Darasin Da Na Koya A Daren Dinar Sashenmu

A zangon da ya wuce, lokacin da 'yan HND II na sashenmu suka shirya dinar bankwana, ni aka ɗora wa ɗaukar hoto. Dalili kuwa bai wuce cewa wayata sabuwa ce, kuma a jikin kwalinta an rubuta megafiksel 108 ɓaro-ɓaro. Ana tsakiyar taro aka ɗauke wuta, janareta ya tashi da ƙwai uku kacal a zauren. Ban damu ba, na ci gaba da ɗauka. Washegari da na tura hotunan, wani abokina ya kira ni ya ce, "Mutumina, kaftanin dai na gane nawa ne, amma ina fuskar?" Dariya aka yi, amma wallahi na ji kunya, don wannan dare ba zai sake dawowa ba. Tun daga nan na shiga neman inda matsalar take, kuma abin da na gano ya kamata duk mai tara kuɗin sayen waya ya sani.

Kyamara haske take tarawa, ba wani abu ba. A bayan gilashinta akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda aka yanka zuwa miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi shi ne fiksel ɗaya. Ku ɗauka ruwan sama ake tara a tsakar gida. Idan an jera kofuna ɗari a filin da bokiti goma za su cika, ruwan da zai sauka bai ƙaru ba, rarraba shi kawai aka yi. To haka megafiksel yake. Girman sensar shi ne girman tsakar gidan, kuma shi ne ba a cika rubutawa a kwali ba. Shi ya sa su kansu masu ƙera wayoyin suke haɗe fiksel huɗu-huɗu ko tara-tara su zama ɗaya: mai 48 ta ba ka hoton 12, mai 108 ma ta ba ka 12. Ashe ni ma 12 nake ɗauka ban sani ba.

Abu na biyu shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga, wanda ake rubutawa kamar f/1.8 ko f/2.4. Nan mutane ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Mai f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki biyu na mai f/2.4.

Idan hasken ya yi kaɗan, hanya biyu ta rage wa waya. Ko dai ta bar ƙofar a buɗe ta ɗan jima, ko ta ƙara wa abin da ta samu ƙarfi, wato ta ɗaga ISO. Da rana waya na iya gama ɗauka cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, amma a duhu sai ta kai kashi ɗaya bisa 10. A wannan ɗan lokacin, in mutum ya juya kai ko ya yi dariya, fuskar ta dame. Ɗaga ISO kuma kamar ƙure rediyo ne a tashar da ba ta kama sosai ba: murya za ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Shi ne yashi-yashin nan da kuke gani a hoto. Sai manhajar wayar ta zo share yashin, ta haɗa da gashin gira da layin fuska, mutum ya fito sumul kamar 'yar tsana.

Wani zai ce ai wayarsa tana da OIS. Gaskiya yana taimakawa, amma rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya hana wanda kake ɗauka motsi. Haka ma tsarin ɗaukar dare, wanda Google ya fito da nasa mai suna Night Sight a 2018, Apple kuma ya sa nasa a iPhone 11 a 2019. Hotuna da yawa wayar ke ɗauka a jere ta haɗe su wuri guda. A kan gini ko titi abin sha'awa ne, tunda ba sa motsi. A kan mutum kuwa sai ya daure ya tsaya cak na daƙiƙa biyu ko uku.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Fata mai duhu ba ta mayar da haske da yawa, kyamara kuma tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne. In ka sa farar shadda, ko akwai ƙwan lantarki a bayanka, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuskarka ta tafi a banza. Abin da ya sami abokina ke nan. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya daɗe yana saita kyamarorinsa don baƙar fata, Google ma ya kawo Real Tone a Pixel 6 a 2021. Amma a lura, haskaka fuska daban, yi mata bilicin daban. In hoto ya mayar da kai wani mutum, kashe tsarin ƙawata fuska.

To me za a yi da wayar da ke hannu? Ka fara goge gilashin da gefen riga, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa kowane ƙwai ya yi hazo. Ka juya mutum ya fuskanci haske, kada hasken ya kasance a bayansa, kuma ka matso da shi kusa: wanda ke mita biyu daga ƙwai rubu'in hasken wanda ke mita ɗaya yake samu. Ka taɓa fuskarsa a allo kafin ka danna. Ka yi amfani da babbar kyamarar baya, ka bar zum, ƙafarka ta yi maka zum ɗin. Filasha kuwa sai dole, don tana sa goshi ƙyalli. Gara wani ya haska tocilar wayarsa a farin bango ko farar takarda, hasken ya dawo a tausashe. Ka ɗauki uku ko huɗu, ɗaya zai fita. Wajen turawa a WhatsApp ka zaɓi HD ko ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton.

In kuma sayen waya za ka je, kada lambar kwali ta ruɗe ka. Ka tafi da aboki, ku nemi lungun shagon da ya fi duhu, ka ɗauke shi yana magana, sannan ka buɗe hoton ka duba idonsa da gemunsa. Minti biyu ne, kuma sun fi duk bayanin mai shago.

Abu na ƙarshe, 'yan uwa: kyamarar da ke gani a duhu ba lasisi ba ce. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman 'yan uwanmu mata. Dinar bana dai an sake ba ni aikin, kuma na riga na gaya wa kwamiti su tanadi ƙwai biyu masu caji kusa da inda za a tsaya hoto.