Farfela mai kunne 2 ko mai kunne 3: wacce ta fi dacewa da jirgin tsere na rimot?

Duk wanda ke bibiyar bidiyoyin ƙananan jiragen ruwa na rimot a YouTube ya ga yadda jirgin da tsawonsa bai kai mita ɗaya ba yake tsaga ruwa da gudun da ya wuce kilomita 70 a sa'a. Da yawa sukan ɗauka sirrin yana ga batir ko inji. Amma masu wannan wasa sun san cewa farfela, wadda faɗinta bai wuce murfin gorar ruwa da yawa ba, tana iya kawo nasara, tana kuma iya ƙona inji cikin mintuna kaɗan.

Da farko, farfelar jirgin tsere ba ta nutsewa gaba ɗaya. Idan jirgin ya ɗauki gudu, kusan rabinta ne kawai ke cikin ruwa, sauran yana waje, shi ya sa ake ganin ruwa na feshi a bayansa. Kowane kunne yana shiga ruwa ya fita sau ɗaya a kowane juyi, don haka yawan kunnuwan yake da tasiri sosai.

Mai kunne 2 tana da ƙarancin tirjiya a ruwa. Injin yana juya ta cikin sauƙi, juyin ya ƙaru, jirgin ya kai ƙololuwar gudunsa a miƙaƙƙiyar hanya. Ta kuma fi sauƙin wasawa da daidaita nauyi. Matsalarta ita ce takan ɗan yi jinkirin kama ruwa wajen tashi, kuma gudun kan ragu a kwana.

Mai kunne 3 kuwa tana kama ruwa sosai, domin kafin kunne ɗaya ya gama fita wani ya riga ya shiga. Jirgin yana tashi da wuri, jijjiga ta ragu, kuma yana riƙe gudunsa a kwana. Sai dai ƙarin kunne ƙarin kaya ne ga inji. Yana zuƙar wuta fiye da da, batir ya ƙare da wuri, injin da na'urar sarrafa gudu ta ESC su ɗauki zafi. Batirin LiPo da ya sha wahala yakan kumbura, kamar yadda na waya ke yi. Saboda haka masu gogewa idan za su koma mai kunne 3 sukan rage faɗin farfelar da milimita kaɗan.

Irin tseren da za a shiga shi ne ke raba gardama. A Amurka, ƙungiyoyin NAMBA da IMPBA suna shirya tseren zagaye inda jirage ke yin kwana ta dama, akwai kuma gasar kafa tarihin gudu a miƙaƙƙen layi. A tseren zagaye, kwana da igiyar ruwan sauran jirage suna sa wasu su zaɓi mai kunne 3, musamman ga jirgi mai nauyi. A miƙaƙƙen layi kuwa mai kunne 2 ta fi yawa.

Yana da kyau mai saye ya iya karanta lambar da ke jikin farfela. A tsarin kamfanin Octura, X442 na nufin faɗin milimita 42, kuma karkatar kunnuwanta ninki 1.4 ce na faɗin. Wato a lissafi, juyi ɗaya zai tura jirgin milimita 58.8. Idan injin yana juyi 25,000 a minti, gudun zai kama kilomita 88 a sa'a. A zahiri ba ya kaiwa haka, tunda ruwa yana zamewa. Idan aka ga /3 a ƙarshen lambar, kamar X447/3, to mai kunne 3 ce.

Hanyar gwaji ba ta da wuya. Ka sa farfela ɗaya, ka gudu da jirgin na minti 1, ka dawo da shi ka auna zafin injin, ESC da batir. Idan ya fara wuce digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, farfelar ta yi wa injin nauyi, sai ka rage girmanta. Ƙaramar na'urar GPS mai haɗuwa da waya ta Bluetooth za ta nuna maka gudun da jirgin ya kai. Ka riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, ka kuma rubuta sakamakon, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya kawo bambancin ba.

Akwai kuma batun lafiya. Yawancin farfelun ƙarfe na tsere ana yin su da tagulla mai haɗe da sinadarin beriliyam, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu. Mai wasa farfela ya sa takunkumi, ya kuma riƙa gogawa da ruwa don kada ƙurar ta tashi.

Ga sabon shiga, ya fi kyau ya fara da mai kunne 2 wadda girmanta ya yi daidai da wadda jirgin ya zo da ita. Idan ya ga jirgin na rasa gudu a kwana alhali injin bai yi zafi ba, lokacin gwada mai kunne 3 ya yi.