Gargaɗi Kafin Kaka: Buhun Kilo 100 Na Karya Bayan 'Yan Dakon Potiskum

Wannan kira ne na gaggawa ga 'yan dako, masu lodi, dillalai, masu shagunan hatsi, direbobin tirela da shugabannin kasuwa a Potiskum. Kaka ta ƙarato. Nan ba da jimawa ba gero, dawa, masara da wake za su riƙa kwararowa daga ƙauyukan Fika, Nangere da Fune, motoci kuma su yi layi suna jiran lodin Kano, Jos da Kudu. Kowane buhu da zai hau mota, a bayan ɗan wani zai hau, kuma nauyinsa ya kai kilo 100.

Wannan nauyi ya fi ƙarfin gadon bayan ɗan Adam. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fi haka tsanantawa, don a lissafinta kilo 23 ne iyaka, ko da yanayin ɗaukar ya yi daidai ta kowace fuska. Yaranmu kuwa suna saɓa kusan ninki biyu na adadin farko, su taka siririn katako mai lilo zuwa bayan tirela, su sauko su ƙara, tun safe har magariba.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Tsakanin kowane ƙashi da ƙashi na gadon baya akwai wani faifai mai taushi da ke tare nauyi. Idan mutum ya sunkuya da kaya, ko ya murɗa ƙugu buhu na kansa, faifan yakan matse. Yau da gobe sai ya bulluƙo ya danne jijiya. Daga nan ciwo ke sauka ta ɗuwawu har tafin ƙafa. Yunƙurin ɗaga kaya kuma yana iya fito da kaba. Shi ya sa ake ganin ƙato da ƙuruciyarsa ya koma sallah a zaune, ya bar mata da yara ba mai nemo musu.

Masana sun ware wani fanni na ilimi don daidaita aiki da jikin mai yin sa. Tushensa guda ne: a gyara kaya da wurin aiki su dace da mutum. Mu ma mun san wannan. Ku leƙa kara ranar Laraba. Ba wanda ke ɗaga bijimi ya jefa shi a mota. Tudu ake yi daidai da bayan tirela, shanu su taka su shiga, saboda mai su ba zai yarda dukiyarsa ta karye ba. Abin da muka yi wa sa, ɗan dako ya fi cancanta a yi masa.

Don haka muna roƙon a ɗauki waɗannan matakai kafin lodi ya kankama.

Shugabannin kasuwa da ƙaramar hukuma: a gina dandamalin lodi daidai da tsayin bayan mota, mai gangara a hankali, yadda baro ko kura za su hau. Kafin a samu haka, katakon hawa ya zama mai faɗi da kauri, a buga masa 'yan guntayen katako a gicciye don kada ƙafa ta zame, a kuma ɗaure kansa da jikin mota.

Dillalai da masu hatsi: a koma buhun kilo 50. Siminti, taki da shinkafa duk a haka suke zuwa, kuma ciniki bai tsaya ba. Kenya ta kafa dokar haka ga buhun dankali a 2019. Kuɗin dako kuma a lissafa shi bisa nauyi, buhu biyu na 50 a biya su kamar ɗaya na 100, don kada gyara ya zama rage wa talaka abinci. Jerin buhuna a shago kada ya wuce kafaɗar mai ɗauka. Yaron da bai kai shekara 18 ba, kada a aza masa buhu ko da ya roƙa.

Ku kuma ƙannena da 'ya'yana 'yan dako: babban buhu na mutum biyu ne. A durƙusa da gwiwa, a manna kaya da jiki, a juya da ƙafa, a bar murɗa ƙugu. A sha ruwa, a huta idan rana ta take. Ku guji tramadol da sauran ƙwayoyin ƙarin ƙarfi. Suna toshe ciwo ne kawai, ɓarnar kuma tana ci gaba a ciki. Jiki magayi ne, ku saurare shi.

Duk wanda ƙafarsa ta fara sagewa ko yin sanyi, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa, ko fitsari ko bayan gida ya ƙwace masa, ko fitsari ya ƙi fita, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya tausa ko ɗori. Haka ma wanda kabarsa ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai. Jinkirin kwana ɗaya na iya jawo nakasa ta har abada ko rasa rai.

Muna roƙon iyayenmu, Mai Fika da Mai Potiskum, Allah ya ja zamaninsu, su sa baki a wannan magana, limamai kuma su tuna da ita a huɗubar Juma'a. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, tun buhun farko na bana bai hau bayan kowa ba.