Tsarin «kade»: ƙofar da ɗan talaka ke bi ya zama matuƙin jirgin sama

Kowace shekara idan sakamakon bakaloreya ya fito, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ba a rasa saurayi ko budurwa da za su gaya wa iyayensu cewa su tuƙin jirgin sama suke so. Amsar da suka fi samu ita ce: «Wannan aikin ƴaƴan manya ne.» Iyayen kuwa ba ƙarya suka yi ba. A ƙasashen Turai, wanda zai biya wa kansa karatun tuƙi tun daga farko har ƙarshe yana kashe wajen yuro 100.000, wato sama da miliyan 65 na sefa. Ma'aikacin da ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, jika 42 a wata kamar yadda aka tsayar a 2024, sai ya yi shekara 130 yana ajiya, ba ci ba sha, kafin ya haɗa wannan kuɗi.

Amma akwai wata ƙofa da ba kowa ya santa ba. Wasu kamfanonin jiragen sama kan zaɓi matasan da ba su taɓa riƙe jirgi ba, su kai su makaranta, sa'an nan su ɗauke su aiki idan sun gama. Wannan shi ne tsarin da ake kira «kade» da Faransanci, wato ɗalibin tuƙi na kamfani. Ya kamata masu karatu su san yadda ake shigarsa, da abin da ke cikinsa, da kuma tarkon da ke gefensa.

Wane ne ke biya?

Tambayar farko ke nan, domin ba duk abin da aka raɗa wa suna «kade» ne kyauta ba. Tsarin iri uku ne. A na farko kamfani ke ɗaukar nauyin karatun gaba ɗaya. Haka Air France ke yi tun da ta sake buɗe nata tsarin a 2018: shekara biyu na horo, ɗalibi bai biya ba, daga nan ya zama mataimakin matuƙi a Air France ko a Transavia. British Airways ta Ingila ma ta buɗe irinsa a 2023. A iri na biyu kamfani ko banki ke ba da kuɗin rance, a riƙa cirewa daga albashi shekara da shekaru, kuma ɗalibi ya sa hannu cewa ba zai bar kamfanin ba kafin wani wa'adi, in ya bari ya biya. A iri na uku ɗalibi ne ke biyan kome daga aljihun iyayensa, abin da kamfani ya ba shi kawai shi ne alkawarin za a duba shi idan akwai gurbi.

Iri na farko shi ne kowa ke so, shi ya sa tururuwar ta yi yawa. A British Airways mutum sama da 20.000 suka nemi gurbi 100. Ga kuma sharaɗin ƙasa: Air France ba ta karɓar kowa sai ɗan ƙasashen Tarayyar Turai da ƴan maƙwabtansu irin su Suwis. Ke nan ɗan Nijar da ba shi da takardar zama ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, kome ƙwazonsa, ba a ma buɗe dosiyensa. Kusan kowane kamfani haka yake, ƴan ƙasarsa yake fara renowa.

Likita kafin kowa

Wanda ya san hanyar yakan shawarci matashi da abu guda: kafin ka kashe ko dala, je ka ga likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, ka nemi takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. Ana auna ido da kunne da zuciya da huhu da jini. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi muddin raunin idon bai wuce iyakar da doka ta tsayar ba. Abin da ya fi kayar da samari shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da aka buɗe musu littafin awon, wanda lambobi ke ɓoye cikin ɗigo-ɗigo masu launi. Farfaɗiya tana hanawa. Haka ma amosanin jini, wanda muka fi sani da emasi, cutar da ta yi yawa a ƙasarmu: mai SS ba ya samun takardar, amma mai AS, wanda ke ɗauke da irin cutar kawai, yakan samu idan sauran awon ya yi kyau. Wannan takarda kuma ba ta din-din-din ba ce, aƙalla sau ɗaya a shekara ake sabunta ta har ƙarshen aikin mutum.

Tankaɗe da rairaya

Zaɓen ɗalibai hawa-hawa ne, kuma kowane hawa yana zubar da mutane masu yawa. A Air France matakai uku ne. Na farko a gida ake yin sa ta intanet: lissafin kai, sanin al'amuran jiragen sama, Ingilishi, da gwajin kaifin hankali. Na biyu gaban kwamfuta ne a ɗakin jarrabawa, inda ake sa mutum ya riƙe sandar tuƙi yana bin wata alama da ke gudu, a lokaci guda yana lissafi da ka, yana kuma lura da wasu agogai. Abin da ake aunawa a nan shi ne ko mutum na iya raba hankalinsa gida uku ba tare da ya rikice ba, da kuma ko yana iya mantawa da kuskuren da ya wuce ya fuskanci tambayar da ke gabansa.

Mataki na uku ya fi ba ƴan makarantunmu mamaki. Ana haɗa masu nema su kaɗan a tebur guda, a ba su wata matsala su warware tare cikin ƙayyadadden lokaci, matuƙa da masanan halayyar ɗan Adam na zaune gefe suna rubutu. Wanda ya danne kowa da magana ya faɗi. Wanda ya yi shiru don kunya shi ma ya faɗi. Dalili kuwa shi ne ɗakin tuƙi na mutum biyu ne, kuma binciken haɗurra da dama ya nuna cewa mataimaki ya ga kuskuren kwamanda amma nauyin baki ya hana shi faɗa. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan kada yaro ya musa wa babba, a nan sai mun koyi yadda ake cewa «ranka ya daɗe, ba daidai ba ne» cikin ladabi, kuma a kan lokaci.

Sai batun harshe. Tun daga 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, ta wajabta wa duk matuƙin da ke ƙetare iyakoki ya kai mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi. Wanda ya yi lise da Faransanci, ya ɗauki darasin Ingilishi abin wasa, a nan yake cizon yatsa.

Wata tara a ƙasa, sa'an nan sama

Wanda aka zaɓa yakan zaci washegari zai tashi sama. Ina! Watanni na farko, shida zuwa tara, a kan benci ake yin su. A tsarin Turai awa 750 ne na darasi, da jarrabawa 13: dokokin sararin sama, ilimin yanayi, neman hanya, injin jirgi da wutarsa, lissafin nauyi da mai, yadda fukafuki ke ɗaukar jirgi, jikin ɗan Adam da gajiyarsa, da sauransu. Kowace jarrabawa sai an ci 75 bisa 100. Ba a yarda a zauna wa darasi guda fiye da sau 4 ba, kuma dole a kammala duka cikin wata 18. Wanda ya saba da tsarin «matsakaicin maki», inda lissafi ke ceto tarihi, zai tarar a nan kowane darasi da kansa yake tsayawa.

Daga nan sai filin jirgi. Ana farawa da ƙaramin jirgi mai inji guda da kujera huɗu, irin su Cessna 172 ko Diamond DA40, malami na gefen dama. Bayan awa 10 zuwa 20, wata rana malamin zai sauka ya rufe ƙofa ya ce wa ɗalibi ya tashi shi kaɗai, ya kewaya fili ya sauko. Ana bi da tafiye-tafiye daga gari zuwa gari da taswira, da tashin dare, da jirgi mai inji biyu inda malami ke rage ƙarfin inji ɗaya da gangan don a ga abin da ɗalibi zai yi. Mafi wuya shi ne tuƙi da agogai kawai, ba a ganin ƙasa ba a ganin sama, inda jiki ke gaya wa mutum jirgi a miƙe yake alhali ya karkace. Wanda ya taɓa tafiya cikin ƙurar hunturu mai kauri ya san kaɗan daga wannan. Jimillar horon aƙalla awa 195 ne, wani kashi a cikin na'urar kwaikwayon jirgi.

Haɗarin jirgin Air France da ya taso daga Riyo zuwa Paris, ya faɗa teku ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, ya sauya wannan horo. Bincike ya nuna na'urar auna gudu ta toshe da ƙanƙara, jirgin ya daina tuƙa kansa, matuƙan kuma ba su gane cewa fukafukan sun daina ɗaukarsa ba. Tun daga ƙarshen 2019 dokar Turai ta tilasta wa sabbin matuƙa darasi na musamman na dawo da jirgin da ya kuɓuce.

Parmi ba aiki ba ne

A nan ne amfanin «kade» yake fitowa fili. Wanda ya gama makaranta yana da parmin tuƙi da awa wajen 200, amma bai isa ya zauna cikin Airbus A320 ko Boeing 737 ba sai ya yi wani horo na wannan samfurin jirgi kaɗai, wanda ke cin yuro 20.000 zuwa 30.000. Bayansa sai sauka da tashi sau 6 da jirgin gaske ba fasinja, sa'an nan watanni yana aiki ƙarƙashin idon kwamanda mai koyarwa. Babban parmin da ke ba mutum damar zama kwamanda sai ya tara awa 1.500. Ɗalibin kamfani duk wannan an shirya masa. Wanda ya biya wa kansa kuwa yakan tsaya tsakiyar gulbi: kamfanoni na neman mai awoyi, shi kuma ba ya samun awoyin sai an ɗauke shi.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana wannan. A mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gwamnan Kano Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyyar kyakkyawa ce, kuma yaran sun yi karatu, amma da yawansu sun daɗe a gida bayan dawowarsu, domin ba wani kamfani da ke jiransu.

Kada kuma a zaci alkawarin kamfani dutse ne. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, Air France ta dakatar da ɗaukar ɗalibai sai 2022, makarantar Lufthansa ta Jamus kuma ta shawarci ɗalibanta wajen 700 da su nemi wata sana'a. Don haka kafin uba ya sayar da gona ko garke, a karanta yarjejeniya layi-layi, a kai wa wanda ya san doka. In ɗalibi ya faɗi jarrabawa, wa zai biya? In likita ya karɓe takardarsa fa? In kamfani ya fasa ɗauka, bashin na kan wa? Duk wanda kuma ya ce a turo masa kuɗi ta waya zai samo gurbi, ɓarawo ne: kamfanin gaske a shafinsa yake shelar neman ɗalibai.

Mu fa a Nijar?

A da muna da tamu ƙofar. Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka sa hannu a Yawunde ranar 28 ga Maris 1961 aka kafa Air Afrique, inda ƴan Afirka suka kai ga zama kwamandojin manyan jirage. Kamfanin ya rushe a 2002. A Yamai muna da makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu ba jirage hanya da masanan yanayi da injiniyoyi na ƙasashen Afirka da dama, amma ba ta koyar da tuƙin jiragen fasinja. Makarantar tuƙi ta Zariya, da aka kafa a 1964, tana kusa da mu, haka ma akwai ta kamfanin Ethiopian a Adis Ababa, wadda ke karɓar ƴan wasu ƙasashe. Sai dai baƙo shi ke biya, ko ƙasarsa ta biya masa. Saura hanyar sojan sama, mai nata sharuɗɗa.

Darasin da ke ciki ga hukumomi a bayyane yake. Bursu na tuƙin jirgi da ba a ɗaure shi da wani kamfani mai jirage ba, kamar sayen sirdi ne babu doki. Duk ranar da za a tura yaranmu, a fara da sa hannu da kamfanin da zai karɓe su, a kuma sa kuɗin horon samfurin jirgi cikin lissafi tun farko, a yi zaɓen ta hanyar gasa a fili domin ɗan manomi ya zauna benci guda da ɗan minista.

Ga matasa kuma, maza da mata, domin babu dokar da ta keɓe aikin ga maza, abin da ke hannunku tun yanzu abu uku ne: lissafi da fizik, Ingilishi na magana ba na takarda kaɗai ba, da sanin lafiyar jikinku. Ba a buɗe irin wannan ƙofa kullum, in kuma an buɗe makonni kaɗan take yi. Da safe ake kama fara. Allah ya ba mai rabo sa'a.