Kwana 28 a shekara: yadda Ostireliya ke biya wa mai nakasa masauki don iyalinsa su huta

A ƙasar Ostireliya, gajiyar uwar da ke ɗawainiya da ɗa mai nakasa tana da gurbi a kasafin kuɗin gwamnati. Idan hukuma ta amince, ana biya wa mai nakasar masauki na ɗan lokaci har kwana 28 a shekara, ya je can a kula da shi, mutanen gida kuma su samu su yi barci, su ga likita, ko su je biki. Zama ɗaya ba ya wuce kwana 14. Wasu iyalan kan ɗauki mako bibbiyu sau biyu, wasu kuma ƙarshen mako guda a kowane wata.

Kuɗin na fitowa ne daga shirin inshorar masu nakasa na ƙasa da ake kira NDIS. An kafa shi da doka a 2013, zamanin Firaminista Julia Gillard, bayan wani rahoto na 2011 ya nuna cewa tsohon tsarin ba shi da isassun kuɗi kuma ba ya adalci. Don a samu abin ɗaukar nauyinsa, a 2014 aka ƙara harajin lafiya da ake cira daga kuɗin shigar jama'a daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 cikin 100. Gwamnatin tarayya da na jihohi ne ke haɗa hannu. Yanzu mutanen da ke cikin shirin sun haura 600,000, kuma yana cin sama da dalar Ostireliya biliyan 40 a shekara.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka ana zuwa ne kawai a miƙa hannu. Sai mutum ya kasance ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, bai kai shekara 65 ba lokacin da ya nema, kuma nakasar tasa mai ɗorewa ce da ke hana shi harkokin yau da kullum. Bayan an karɓe shi, sai a zauna da shi da iyalinsa a tsara masa abin da zai buƙata da kuɗin kowane abu. A wannan zaman ne magana take. Ana so a ga takardar likita ko ta ƙwararren da ke duba shi, sannan mai ɗawainiyar ta bayyana halin da take ciki: sau nawa take tashi da dare, wa ke ɗaga shi zuwa banɗaki, yaushe rabonta da kwana a wani wuri. Uwar da kawaici ya sa ta ce "Alhamdu lillahi, muna lallaɓawa" tana iya tashi ba a rubuta mata ko kwana ɗaya ba. Ina karanta wannan sai na tuna iyayenmu mata na zango, waɗanda ko suna mutuwa ba za su ce sun gaji da ɗansu ba.

Ga ƙananan yara an fi tsanantawa, don hukuma na ganin reno aikin iyaye ne. Sai an nuna cewa ɗawainiyar yaron ta zarce ta sa'anninsa nesa ba kusa ba.

Kuɗin masaukin ya haɗa da wurin kwana, abinci, mai kula da wanka da sutura, da 'yan fita da wasannin da aka yi yarjejeniya a kai. Galibi ana lissafa shi ne a kan cewa ma'aikaci ɗaya zai kula da mutum biyu ko uku. Wanda ke buƙatar nasa shi kaɗai sai ya kawo hujja, saboda tsadar ta fi. Hanyar biyan kuma uku ce: ko hukumar ta biya da kanta, a nan dole a yi amfani da masauki mai rajista, ko a ɗauki wakili mai riƙe lissafi, ko iyalin su riƙe da kansu su ajiye rasit. Hanyoyi biyun ƙarshe sun fi ba da damar zaɓi, kuma ga gidan Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a kai budurwa ta kwana a wani wuri, ai dole a tambaya ko mace ce za ta yi mata wanka, kuma wane irin nama ake dafawa.

Shirin yana da nasa ciwon kai. A garuruwan karkara ana iya rubuta wa mutum kwanakinsa cif, ya rasa masaukin da zai je. An kuma yi ta ƙorafin cewa wasu na amfani da kuɗin wajen yawon shaƙatawa, ga kasafin yana ta kumbura. Tun watan Oktoba na 2024 aka fito da jerin abubuwan da kuɗin shirin zai iya saye da waɗanda ba zai iya ba, kuma yawon buɗe ido yana cikin waɗanda aka hana. Wanda ba ya cikin NDIS yana iya neman hutun gaggawa ta wata kafa ta gwamnati mai suna Carer Gateway, misali idan mai ɗawainiyar ce ta kwanta asibiti. Tsofaffi kuwa tsarinsu daban ne, suna iya samun har kwana 63 a shekara a gidan kula da tsofaffi.

Me ya kai malamin makaranta a Gana binciken wannan? Rajistar aji ce. Akwai yarinyar da nake sa wa alamar fashi kusan duk ranar kasuwa, don ita ke zama da ƙanenta da ba ya iya zama da kansa idan uwar ta fita neman na cefane. Kwanakin hutun da uwar ba ta samu ba, daga karatun 'yarta ake cire su. A kwalejin horon malamai an koya mana yadda za mu karɓi yaro mai nakasa a aji, amma ba wanda ya yi mana zancen yayarsa.

Mu ma ba a ce ba mu da komai ba. Akwai dokar masu nakasa ta 2006, akwai kason da ake ware musu daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda aka fara da kashi 2 daga baya aka ɗaga zuwa kashi 3. Sai dai an fi nufin kuɗin da jarin sana'a, kuɗin makaranta, magani da keken guragu. Duka suna da amfani, amma firji ko keken ɗinki ba zai zauna da yaro ba ranar da uwarsa ke naƙuda. Makarantun kwana na musamman irin na Dzorwulu a Ankara da Garden City a Kumasi kaɗan ne, kuma su makarantu ne, ba wurin ajiye yaro na kwana biyu ba.

Ban ce mu kwaikwayi biliyan 40 ba, aljihunmu bai kai nan ba. Abin da nake ganin za mu iya ɗauka shi ne a ƙidaya hutun, a sa masa farashi, a san mai biya. Azuzuwanmu a rufe suke ranar Asabar. Ɗaki ɗaya mai tabarmi da banɗaki kusa, mata biyu da aka horar kuma ake biyansu, da abincin rana, sun isa yara biyar ko shida daga safe zuwa la'asar. Sarkin zango da kwamitin masallaci za su iya rubuta lissafin wata guda, su kai wa jami'in jin daɗin jama'a na gunduma tare da sunayen gidajen da abin ya shafa, su tambaya ko kason masu nakasa zai ɗauki rabi.